Daɗin Aikin Hannu da Manufar Rayuwa a Tunanin Bahaushe

1.0 Gabatarwa

A darussan da suka gabata an yi bayanin sana'o'in gargajiya na Hausawa ɗaya bayan ɗaya, an kawo kayan aikin kowace da masu yin ta. Sai dai akwai tambayar da irin wannan bayani yakan tsallake. Me ya sa tsohon marini yake sammako zuwa karofi, alhali 'ya'yansa sun ɗauke masa cefane, sun kuma roƙe shi ya huta? Me ya sa mai ɗinkin hula zai warware aikin kwana biyu saboda kuskuren da mai saye ba zai taɓa lura da shi ba? Neman abinci kaɗai bai isa ya amsa waɗannan tambayoyi ba. Saboda haka, a wannan darasi za a duba daɗin da ɗan Adam yake ji idan ya sarrafa wani abu da hannunsa, da ra'ayin masu cewa wannan daɗi shi ne manufar rayuwa, sannan a ɗora ra'ayin a kan ma'aunin tunanin Bahaushe.

1.1 Manufar Darasi

A ƙarshen darasin ana sa ran ɗalibi zai iya:
(a) bambance aiki da sana'a da gwaninta;
(b) kawo ra'ayoyin masana game da daɗin aikin hannu;
(c) nuna inda wannan daɗi yake ɓulla a sana'o'in Hausawa;
(d) bayyana matsayin da Bahaushe ya ba sana'a a cikin manufar rayuwarsa.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Aiki kalma ce mai faɗi, ta ƙunshi duk abin da mutum ya sa ƙarfinsa ko tunaninsa a kai. Sana'a kuwa, wadda Hausa ta aro daga Larabci, ita ce aikin da mutum ya koya, ya riƙe, har aka san shi da shi. Wannan ne ya sa Hausa take da sunaye irin su maƙeri da marini da majemi da magini da masaƙi, inda sunan aikin ya zama sunan mutumin. Gwaninta ita ce matakin da mai sana'a yake kaiwa idan ya wuce iyawa kurum ya kai ga ƙayatarwa. Ɗan koyo yana aiki, wanda hannunsa ya faɗa yana sana'a, gwani kuwa shi ne wanda ake gane aikinsa a kasuwa ko da ba ya wurin.

Ya kamata a lura cewa Bahaushe ba ya amfani da kalmar halitta ga aikin mutum. Allah ne Mai halitta. Mutum ƙira yake yi, ko saƙa, ko gini, ko sassaƙa, wato yana sauya kamannin abin da ya tarar. Wannan bambanci zai yi amfani idan an zo auna ra'ayin masana a gaba.

3.0 Ra'ayoyin Masana

Ibn Haldun (1332–1406) ya keɓe wa sana'o'i babuka masu yawa a cikin Muƙaddimarsa. A ganinsa, sana'a ɗabi'a ce da take zama a jikin mutum ta hanyar maimaitawa, kuma ido da hannu sun fi baki saurin koyar da ita. Ya ƙara da cewa sana'o'i suna bunƙasa ne gwargwadon bunƙasar birane, kuma suna kaifafa hankalin mai yin su.

A Turai, maganar ta yi zafi ne bayan da injina suka karɓe aikin masaƙa da maƙera. A rubuce-rubucensa na 1844, Kal Maks ya yi nuni da cewa ma'aikacin masana'anta ya zama baƙo ga abin da yake yi, domin ba shi ya tsara shi ba, ba ya ganin ƙarshensa, kuma ba nasa ba ne. Wiliyam Moris (1834–1896), mutumin Ingila, ya ɗauki maganar ta fuskar daɗi. A wata lacca da ya gabatar a 1884 ya ce aikin da ya cancanci ɗan Adam yana tafe da fata guda uku: fatar hutu bayansa, da fatar samun abu mai amfani daga gare shi, da fatar jin daɗi a cikin yin aikin kansa. Duk aikin da ya rasa waɗannan, a ganinsa, wahala ce kawai. Moris bai tsaya ga magana ba. Ya koyi saƙa da ɗab'i, ya kuma duƙufa a kan rinin shuni na gargajiya har hannuwansa suka rine, kamar dai na marinan Kano.

Daga irin wannan tunani ne wasu suka ƙara taku ɗaya, suka ce abin da ya raba mutum da dabba shi ne yin abin da babu shi a da, don haka daɗin yin abu shi ne dalilin rayuwa baki ɗaya. Wannan shi ne ra'ayin da darasin zai auna.

4.0 Sana'a a Tarihin Ƙasar Hausa

Hausawa sun sanya masu sana'a a farkon labarin kafuwarsu. Tarihin baka na Kano yana cewa maƙera ne daga Gaya suka fara zama a gindin Dala domin neman tama, kuma binciken masu tonon ƙasa ya nuna ana narka ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. A labarin Bayajida, maƙeran Gaya ne suka ƙera wuƙar da aka kashe macijiyar Kusugu da ita. Haka kuma, a rabon ayyukan Hausa Bakwai an kira Kano da Rano sarakunan baba, wato ganyen da ake rini da shi.

A zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463–1499) aka kafa kasuwar Kurmi, kuma ana danganta kafuwar karofin Ƙofar Mata da shekarar 1498. Baturen Jamus Dokta Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851. Ya tarar tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suna kaiwa har Tambutu da Gat da Tarabulus, ya kuma ƙiyasta kuɗin waɗanda ake fitarwa a shekara da wuri miliyan 300 a ƙalla. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne cewa ana yin aikin a cikin gidaje, tsakanin iyali, saɓanin masana'antun Turai na lokacin. Fatar jar akuya ta ƙasar Sakkwato da Maraɗi kuma, bayan majema sun jeme ta da bagaruwa, ta ƙetare Sahara har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko.

Tsarin sarauta ma ya ba sana'a gurbi. Akwai Sarkin Maƙera da Sarkin Magina da Sarkin Dukawa da Sarkin Aska da Sarkin Fawa, kowanne yana lura da mutanensa, yana sasanta rigingimunsu, yana tattara su idan fada tana da aiki. Yawancin sana'o'in gado ne, kuma Hausa ta bambanta wanda ya gada da shigege, wato wanda ya shigo sana'ar daga waje.

5.0 Inda Daɗin Yake

Idan aka lura da masu sana'a a bakin aikinsu, za a ga daɗin yana zuwa ta hanyoyi huɗu.

5.1 Sanin Sirrin Kayan Aiki

Marini yana zuba ruwa a rijiyar rini, ya haɗa baba da toka da katsi, ya bar su su ruɓa na kwanaki, yana motsawa da muciya safe da yamma. Ba shi da ma'aunin zafi ko na tsami. Da kalar kumfa da wari, wani lokaci har da ɗanɗano, yake gane cewa rini ya nuna. Idan ya tsoma farin ƙyalle ya ɗago, sai ya fito kore-kore, sannan a gaban idonsa iska ta mayar da shi shuɗi. Masana kimiyya sun bayyana cewa iskar ce take haɗuwa da sinadarin baba ta kama shi a jikin zare, shi ya sa ake tsomawa ana ɗagawa sau da yawa kafin launi ya yi duhu. Marini ya ga wannan sauyi sau dubbai, amma har yanzu yakan ɗaga ƙyallen sama ya dube shi. Daga nan sai mabuga, inda ake bugun tufa a kan gungume har ta yi sheƙi, irin turkuɗin garin Kura da Buzaye suke naɗi da shi.

Haka abin yake ga maƙeri. Yaro yana zuga, gawayi yana ci, shi kuwa idonsa yana kan ƙarfe. Launin ƙarfen ne yake gaya masa lokacin da zai ɗauko shi da awartaki ya ɗora a kan uwar maƙera. In ya yi jinkiri ƙarfe ya ƙone, in ya yi gaggawa masaba ba za ta ci ba. Wannan ilimi ba ya shiga littafi gaba ɗayansa, kuma mallakarsa wani jin daɗi ne da mai shi kaɗai ya san girmansa.

5.2 Ganin Ƙarshen Aiki

Mai sana'ar gargajiya yakan riƙe aiki daga farkonsa har ƙarshensa. Maƙerin da ya ƙera fartanya ya san manomin da zai riƙe ta, zai kuma gan ta a kafaɗarsa da damina. Mai ɗinkin babbar riga yakan shafe watanni a kan aska takwas, ranar hawan salla kuma ya hango aikinsa a jikin mahayi. Wannan shi ne abin da Maks ya ce ma'aikacin masana'anta ya rasa.

5.3 Ƙari a Kan Bukata

Babbar shaidar daɗin aiki ita ce adon da bukata ba ta nema ba. Soro zai tsaya ba tare da zanko ba, ƙwarya za ta ɗebi fura ba tare da zane ba, faifai zai rufe kwano ko da kabarsa launi ɗaya ce. Duk da haka mai yi sai ya ƙawata.

Masallacin Juma'a na Zariya, wanda aka gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834–1846), misali ne babba. Magininsa Malam Mika'ilu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, ya yi amfani da ƙasa da azara ya ɗaura bakan gizo da tulluwa, ya yi wa ginshiƙai zane mai zurfi, har ginin ya zama abin nazari ga masana gine-gine. An yi kwaikwayonsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, kuma wata unguwa a birnin Zariya tana amsa sunan Babban Gwani. Akwai labarin baka da ke cewa wani sarki ya sa an kashe shi bayan ya gama masa gini, don kada ya yi wa wani wanda ya fi shi. Ko da labarin ƙagagge ne, ya nuna yadda jama'a suka ɗauki gwaninta a matsayin dukiyar da sarakuna suke kishi a kanta.

A garin Yama na jihar Tawa, a Jamhuriyar Nijar, magini Falke Barmu ya jagoranci mutanen gari suka gina masallacin ƙasa a 1962. Da aka tashi gyara a 1975, sai ya sake rufin da bakan gizo da tulluwa, daga nan har zuwa 1982 aka ƙara hasumiyoyi huɗu a kusurwoyi, babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. A 1986 ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan. Hasumiya iri ɗaya sau huɗu ta fi sauƙi, kuma da ta wadatar. Maginin ya zaɓi hanya mai wuya saboda yana jin daɗin gwada abin da hannunsa zai iya.

5.4 Aiki Cikin Jama'a

Bahaushe ba ya son aiki shiru. Mata suna lugude a bakin turmi, suna jefa taɓarya sama su tafa su cafe. Suna da waƙoƙin niƙa da na daɓe. Manoma suna da gangar noma a wurin gayya, maƙera suna da kiɗan dundufa, mahauta suna da kalangu. Masu ɗinkin hula sukan jeru a gindin bishiya ko a zaure, hannu yana aiki baki yana hira. Kiɗan sana'a yana rage gajiya, yana kuma shelanta wa gari cewa mai wannan aiki ba ya jin kunyarsa.

6.0 Shin Wannan Daɗi Shi Ne Manufar Rayuwa?

Karin maganar Hausa ya goyi bayan masana a kan darajar aiki. Ana cewa "babu maraya sai rago", da "zomo ba ya kamuwa daga zaune", da "zanen aro ba ya rufe katara". Sunayen da aka ba marar sana'a, irin su cima-zaune da zauna-gari-banza, duk na zargi ne. Sai dai Bahaushe bai kai ga cewa daɗin aiki shi ne manufar rayuwa ba, saboda dalilai uku.

Na farko, addini. Musulmin Bahaushe ya yi imani cewa an halicce shi ne domin bauta wa Allah. Sana'a tana shiga cikin wannan manufa a matsayin neman halal da rufin asiri. Malamai sukan tunatar da cewa Annabi Dawuda (AS) sulke yake ƙerawa, Annabi Nuhu (AS) kuma ya sassaƙa jirgi. Ana ba da labarin cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yakan tufka igiya don ya ci daga hannunsa, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya shawarci masu mulki su kula da masu sana'a, su zaunar da su a garuruwa. A wannan tunani, kyautata aiki amana ce, algus da ha'inci kuma zunubi ne. Shi ya sa idan an yaba wa gwani yakan ce baiwa ce daga Allah, mai yabon kuma yakan fara da "tubarkalla".

Na biyu, amfanin jama'a. Bahaushe yana auna abu da amfaninsa. Tukunyar da ta yi kyau amma tana yoyo ba ta da mai saye. Daɗin da mai sana'a yake ji bai cika ba sai wani ya ɗauki abin ya yi amfani da shi ya sa albarka. Mai yin abu don kansa kaɗai, ba tare da kowa ya amfana ba, a idon jama'a wasa yake yi.

Na uku, gaskiyar wahala. Majemi yana yini cikin wari, marini hannunsa ba ya rabuwa da shuni, maƙeri yana shan zafi da hayaƙi, mai kaɗi takan shafe kwanaki a kan mazari ta sayar da zaren a kuɗi kaɗan. Al'ada kuma ba ta yi wa sana'o'i adalci ɗaya ba, domin an ɗaukaka sarauta da malanta da fatauci, an ƙasƙantar da wasu sana'o'in har ta kai ga ƙin ba masu yin su aure. A zamanin da Barth ya yaba wa masaƙun Kano, bayi suna cikin waɗanda suke noman auduga da baba. Wanda aka tilasta wa aiki, ko wanda aikinsa ba ya ciyar da shi, ba za a ce masa ya ƙoshi da daɗin aiki ba. Masu cewa daɗin yin abu shi ne dukkan rayuwa sukan manta da wannan.

Abin da za a iya tsayarwa shi ne, a tunanin Bahaushe daɗin aikin hannu alama ce ta rayuwar da ta hau hanya. Manufa ita ce bauta da rufin asiri da amfanar jama'a. Idan mutum ya sami sana'ar da ta haɗa masa waɗannan, kuma zuciyarsa tana son ta, sai a ce sana'ar ta karɓe shi.

7.0 Sauyin Zamani da Nauyin da Ke Kan Malami

A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, abin da ya karya kasuwar baba a duniya. Yadin kanti ya ture saƙi, roba ta ture ƙwarya da tulu, siminti da kwano suka ture tubali da azara. Masaƙun zamani da suka gaji masaƙan gargajiya su ma ba su tsira ba: masaƙar Kaduna ta farko, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, wasu da dama a Kaduna da Kano suka bi bayanta. A Ƙofar Mata rijiyoyi da yawa sun cike, kaɗan ne suke aiki. Ilimin da yake zaune a hannu da ido yana mutuwa ne tare da mai shi, don haka duk gwanin da ya rasu bai yaye kowa ba, ya tafi da abin da ba za a tono a littafi ba.

Duk da haka, sha'awar yin abu ba ta mutu ba, wuri ta sauya. Ana ganin ta wurin mai walda da kafinta da tela, da mai gyaran waya, da yaron da yake ƙera mota da gwangwani da karan dawa, da marubuciyar da take tsara labari. Matsalar ita ce makaranta ta daɗe tana nuna wa yaro cewa ilimi hanya ce ta tserewa daga aikin hannu. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiwatarwa a 1982 ya yi nufin gyara wannan ta hanyar koyar da fasaha a ƙaramar sakandare, amma rashin malamai da wutar lantarki da ɗakunan aiki ya hana shi kai wa ga gaci a makarantu da yawa.

Malamin Hausa yana da rawar da zai taka ba tare da jiran kayan aiki masu tsada ba. Zai iya kai ɗalibansa maƙera ko karofi su ga aiki da idonsu, su rubuta sunayen kayan aiki daga bakin masu su. Zai iya gayyato gwani aji, a ba shi kujera da girman da ake ba malami. Zai iya sa kowane ɗalibi ya yi wani abu da hannunsa, ko igiya ce ko faifai, sannan ya bayyana matakan da ya bi a rubuce. Mafi muhimmanci, ya kiyaye harshensa. Malamin da ya tsorata ɗalibi da cewa in bai yi karatu ba zai ƙare a maƙera, ya koya wa ɗan maƙerin da ke ajin jin kunyar ubansa.

8.0 Kammalawa

A wannan darasi an ga cewa masana daga Ibn Haldun zuwa Moris sun ɗauki sana'a a matsayin abin da yake gina hankali da mutuncin ɗan Adam. An ga daɗin aikin hannu yana zuwa ta sanin sirrin kayan aiki, da ganin ƙarshen aiki, da ƙari a kan bukata, da aiki cikin jama'a. An kuma ga cewa Bahaushe ya yarda da wannan daɗi, amma ya ajiye shi a ƙarƙashin bauta da amfanin jama'a, bai kuma rufe ido ga wahalar da ke cikin sana'a ba. Tsohon marinin da aka fara darasin da shi yana sammako ne domin a bakin rijiyar nan yake da sanin da ba kowa yake da shi ba, a nan kuma ake bukatarsa.

9.0 Tambayoyin Bita

1. Bambance tsakanin aiki da sana'a da gwaninta, tare da misalai.
2. Me ya sa Bahaushe ba ya amfani da kalmar halitta ga aikin mutum?
3. Kawo fata uku da Wiliyam Moris ya ce aiki nagari yana ɗauke da su, sannan a gwada su a kan sana'ar rini ko ƙira.
4. Yi bayanin abin da masallatan Zariya da Yama suke nunawa game da ƙari a kan bukata.
5. "Daɗin yin abu shi ne manufar rayuwa." Tattauna wannan ra'ayi bisa tunanin Bahaushe.

Aikin Jinga: A ziyarci wani mai sana'ar hannu, namiji ko mace, a tambaye shi yadda ya koyi sana'ar, da ɓangaren da ya fi jin daɗinsa, da wanda ya fi ba shi wuya, da ko yana da magaji. A rubuta rahoton da bai wuce shafi uku ba.